Mai Ruwan Toka

Shekara goma sha tara ina bin bayan yaron nan da bokiti.
Shi ya zana da dare, ni in shafe da hantsi.
Hukumar birnin São Paulo ta ba ni riga ruwan lemo,
da buroshi mai dogon hannu,
da fenti kala ɗaya tak: ruwan toka.

Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Hannunsa na sani.
Kifi yake zanawa, kifi mai ƙafafun mutum,
sanye da silifa,
kamar an aike shi sayen burodi.

Na shafe shi a ƙarƙashin gadar Glicério,
a saman kan masu kwana bisa kwali.
Na shafe shi a ƙyauren mahauci.
Na shafe shi a hawa na tara na wani kangon bene,
ƙafata na rawa, ina leƙen titi ina cewa:
da wace igiya ya hau nan, da wace zuciya?
Sau ɗaya na bar wani ya kwana uku
don 'yata Marlúcia ta ce yana kama da kakanta.
Aka yanke mini kuɗin yini.

Yanzu gwiwa ta gaji, kafaɗa ta ƙi ɗaga buroshi.
Surukina ya samo mini gadi
a wani zauren nunin zane a unguwar Jardins,
inda bango fari ne ƙal
kuma mutane na magana ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa.

Daren buɗewa aka yaye ƙyalle,
sai ga kifina.
Silifan nan dai, har da tsinkakken hanci.
An ɗaure shi cikin katako, fitila uku na haska shi,
'yar takarda a gefe ta ce Jurandir Teles,
kuɗin kuwa, na ƙirga sifilin sau biyu,
ya haura duk abin da na ci a bakin bokiti.

Aikina shi ne kada kowa ya taɓa.
Akwai jan layi a ƙasa.

Can sai ga shi. Ashe yaron ya yi furfura.
Kwat ɗin aro ta matse masa hammata,
yana tari irin na wanda ya sha hayaƙin gwangwani shekaru,
shuɗi ya ƙi fita daga ƙarƙashin farcensa.
Wata mata mai kofin gilashi na yi masa bayanin
abin da kifinsa ke nufi.
Yana ta gyaɗa kai.

Da jama'a suka rage, na matsa na ce,
ni ne mai ruwan toka na Glicério.
Ya dube ni, ya dubi hannuna,
ya fashe da dariya har tarin ya sarƙe shi.
Ya ce, ashe kai ne kake yi mini shimfiɗa!
Kullum in dawo in tarar da sabon bango,
sumul, ya bushe, yana jirana.
Ya ce, ka iya aiki, ko kusurwa ba ka bari.

Sai ya juya ga na cikin katakon, ya yi shiru.
Ya ce, wannan wata bakwai ke nan ba wanda ya shafe shi.
Tun da na gama shi ban zana wani ba.

Ya miƙa yatsa zai gyara wani abu a bakin silifan,
ƙafarsa ta tsallake layin.
Maigidana na kallo daga bakin ƙofa.

Na ce, yallaɓai, don Allah a ɗan ja baya.

Ya ja.

A motar komawa gida, ƙarfe ɗaya saura,
mun bi ta ƙarƙashin gadar.
Bangon na nan, toka daga wannan ginshiƙi zuwa wancan,
aikin wani sabon ma'aikaci mai gaggawa,
ya bar fenti na zuba kamar majina.
Wata yarinya da jaka a baya ta tsaya gabansa,
tana girgiza gwangwani.
Ƙarar 'yar ƙwallon da ke ciki ta shigo har ta taga.