Kawun da ke Ƙarƙashin Dutse

Ni ne Fermin, haifaffen Potosi.
Ina da sha huɗu na fara shiga cikin dutsen nan,
fitila a goshi, ganyen koka a kumatu.
Ranar farko ubana ya tsayar da ni gaban gunkin yumɓu
mai ƙaho biyu, bakinsa baƙi ƙirin don hayaƙin sigari.
Ya ce, gai da Kawu.
Sama ta Allah ce, in ji shi, amma nan ƙasa
Kawu ke da azurfa, shi ke riƙe da rufin da ke bisa kanka.

Shekara ashirin da shida ina biyan haraji:
sigari duk Juma'a, barasa a ƙafafunsa,
lokacin sanyi jinin lama a ƙofar rami.
Duk da haka rufi ya rufta wa ƙanena Anselmo.
Aka ce rowa ya yi.
Na yarda. Na ƙara sigari biyu.
Tsoro ubangida ne da bai san kalmar “ya isa” ba.

Dionisia ce ta fara zuwa ɗakin kwanon nan
na bayan kasuwa, inda ake waƙa da jita mai tsirkiya huɗu.
Na je ne in janyo ta gida.
Benci na baya ya riƙe ni.
Ba wanda ya faɗi yana birgima, ba ihu.
Wata tsohuwa, Casilda mai tsintar duwatsu a juji,
ta ɗora tafinta mai kaushi a ƙeyata, ta ce:
Ɗana, Yesu ma a cikin dutse aka sa shi,
aka toshe ƙofa.
Wane rami za ka nuna masa?
Ya riga ka shiga, ya kuma san hanyar fita.
Ta yi addu'a gajeriya, ba ta kai a kunna sigari ba.

Ran Litinin na bi ta gaban Kawu hannu rabbana.
Gwiwoyina suna kaɗawa, ba zan ɓoye ba.
Abokan aiki suka ja da baya,
wa zai tsaya kusa da bangon da zai faɗi?
Na haska fitila a fuskarsa, karo na farko ido da ido.
Sai ga tsaga daga kunne zuwa haɓa,
ciyawa tana leƙowa,
ga kuma shaidar babban yatsan wanda ya gina shi,
ƙaramin yatsa, kamar nawa.
Mutum ne ya yi shi, mutum mai jin tsoro.
Na so in yi dariya, kuka ya riga ta.

Kada ka ce komai ya gyaru.
Tarin yana nan. Likita ya ɗaga hoton ƙirjina a taga,
fari fat kamar an barbaɗa gari.
Jijiyar azurfa ba ta buɗe mini ba,
mai kanti bai yafe bashi ba,
har yau akwai waɗanda ba sa cin abinci kusa da ni.

Amma ina barci.
Wannan kaɗai, ka tambayi mahaƙa, ba ƙaramin abu ba ne.
Na je kabarin Anselmo na ce masa, ba laifinka ba ne,
katako ne ya ruɓe, na gani da idona na yi shiru.
Yanzu ni ke ƙwanƙwasa kowane ginshiƙi kafin yara su wuce.

Da ina tsammani ceto shi ne a fitar da kai daga rami.
Ashe shi ne duhun ya tashi daga zama na wani.
Gobe da asuba zan sake sunkuyawa in shiga,
mita ɗari huɗu ƙarƙashin takalman masu yawon buɗe ido,
in ce, Ubangiji, ga ni,
ba a matsayin mai biyan fansa ba,
an riga an biya.

Kuɗin sigarin kuwa,
Dionisia tana sayen lemo da su ran Juma'a.