Kwana Uku a Gonar Riɗi

Riɗi ba ya jiran kowa.
Duk wanda ya taɓa riƙe lauje a Gadarif ya sani:
yau ganye ya yi rawaya,
jibi kwanso ya wage baki,
wahalar damina ta tsiyaye cikin tsagar baƙar ƙasa.

A makon ne zazzaɓi ya kayar da Irimiya,
ƙanena, nono ɗaya.
Saifarsa ta kumbura
kamar an kife ƙwarya ƙarƙashin haƙarƙarinsa.
Na ce mu tafi asibiti, can Doka.
Ya yi murmushin da bai kai ido ba,
ya ce, Yaya, wanda Ya san adadin gashin kaina
Ya gama lissafin kwanakina tun ban ga rana ba.
In Ya ce zo,
wace allura ce za ta ce dakata?

Bari in faɗa, tunda takarda ba ta tsegumi:
maganar ta yi mini daɗi.
Gona na tsaye, ana biya da dami,
ga bashin mai shago a wuya.
Na ɗauki bangaskiyar yaron
na lulluɓe son zuciyata da ita,
na koma yanka.
Kwana uku.

Ran Lahadi, gindin aduwa,
Baba Tiya mutumin Dutsen Nuba ya yi addu'a da Larabci,
mu muka amsa amin da Hausa.
Da aka watse sai ya riƙe hannuna,
ya juya shi, ya dubi kantar.
Ya ce, ruwan sama na Ubangiji ne, ɗana,
amma shekara sittin ina noma
ban taɓa ganin Ya wasa wa kowa lauje ba.
Gadon bayan nan da Ya ba ka, na mene ne?

Daren nan na goya shi har bakin hanya.
Bai kai nauyin buhu ba.
Tarakta ta ɗauke mu, tana tari cikin laka.
Malamar asibiti ta latsa cikinsa,
ta ce, tun yaushe?
Bakina ya ƙi buɗuwa.

Asubahin Laraba.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ya ƙare.
Haƙurinsu na karɓa hannu bibbiyu,
sauran na bar musu a tabarma.

Ubangiji, ban ce gyangyaɗi ya ɗauke Ka ba.
Ko gwarar da ta faɗo daga reshe
ba a bayan idonKa ta faɗo ba,
balle Irimiya.
Amma kwana ukun nan nawa ne.
Ni na ƙirga su, dami dami.
Da ni lauje ne kawai a hannunKa
da ba ni da abin tuba;
lauje ba ya kuka,
kuma ba domin laifin lauje aka hau gicciye ba.

Yadda mulkinKa da zaɓina
suke kwana ɗaki ɗaya,
babu mai korar wani,
kaina bai kai can ba.
Na tambayi Tiya, ya tofar da asawaki,
ya ce shi ma har yanzu a bakin ƙofa yake.

Kusurwar gonar da ban ƙarasa ba ta zube duka.
Da ruwa ya dawo ta tsiro da kanta,
kore shar, ba layi, ba shuki.
Ban kira shi alama ba.
Na dai tsaya na daɗe.

Jiya jikin Kafi, yaron bukkar gefe, ya ɗauki zafi.
Uwarsa ta fara cewa, in Allah Ya nufa...
Na ce, Ya nufa, Inna.
Shi ya sa nake nan.
Miƙo shi.