Gwiwar Hagu

A filin firamaren Kyarama, bayan la'asar,
shekarar da riɗi ya yi kuɗi,
na juya zan zare ƙwallo daga ƙafar ɗan Sankara,
sai na ji ƙas a gwiwar hagu,
kamar an taka busasshen karan dawa.

Aka ɗora ni a amalanke sai gidan Gambo Maɗori.
Ya latsa, ya murza, ya tofa,
ya ce, "Haladu, ƙashinka lafiya lau,
inda babu karaya, me zan ɗaura wa kara?"
A asibitin Ringim aka ɗauki hoto,
hoton ma ya goyi bayan Gambo.
Ƙwaya goma, da "je ka huta."
Na huta.
Shekara ashirin da uku ke nan ina hutawa.

Gwiwar nan kan riga kwaɗi sanin hadari ya taso,
ita ta mayar da sallata kan kujera.

Da Barira 'yar ƙanena ta gama likitanci,
ta ce za ta ƙaro sabon fanni,
na 'yan wasa da motsa jiki,
majalisar gindin ɗorawa ta kwashe da dariya:
"Ga masu naƙuda, ga masu masassara,
sai masu guje-guje za ki bi da akwati?"
Ni dai na sunkuya ina gyara hula.

Ta zo hutu, ta durƙusa a kan tabarmata,
ta kama ƙaurina ta jawo,
ya biyo ta kamar durowar tebur.
Ta ce, "Baffa, jijiya ce ta tsinke,
hoton ƙashi ba ya ganinta."
Ciwon da ya tsufa ba suna,
ranar aka raɗa masa, ba rago, ba goro.

Ta ce su shida ne kacal a ajin,
ana koya musu ɗan damben da kansa ya bugu,
da tsohon da suga ya kama,
wanda tafiyar asuba za ta yi wa rabin aikin allura.

Ta bar mini wani kirtanin roba,
ina ja sau goma sha biyar kafin koko.
Ba zan koma fili ba, na sani.
Amma jiya da ɗan Tasi'u ya faɗi riƙe da gwiwa,
suka ce ya tashi, ai namiji ne,
na ɗingisa har tsakiyar fili,
na ce kada wanda ya ja masa ƙafa,
a ba ni waya, akwai wadda zan kira.