Zumar Wasagu

Shekara tara na yi ina ɗaukar tire a otal a Legas,
farar riga, baƙin wando, murmushin haya.
Sun koya mini yadda ake yi wa kwalba kirari:
"Jan ruwan inabi ne, ranka ya daɗe,
wata goma sha takwas ya yi kwance a gangar katako,
ga ƙamshin hayaƙi, ga ɗan bauri a ƙarshen harshe,
daga wani kwari mai tsakuwa,
inda rana ke gasa 'ya'yan, dare ya huce su."
Na haddace, kamar aku da zancen uwar gida.
Ko ɗigo bai taɓa leɓena ba.
Baƙi su juya kofi, su shinshina, su lumshe ido,
ni ina tsaye ina lissafin kuɗin mota.

Bana na dawo Wasagu.

Na iske Kawu Tunau a gindin ɗorawa yana tufkar igiya.
Bai tambaye ni labarin Legas ba.
Ya shiga ɗaki, ya fito da baƙin akushi,
na kirya, wanda Kaka Tabawa ta sa aka sassaƙa
tun ba a yi cikina ba.
Ya ɗaga faifai. Ya ce, "Sa yatsa."

Zuma ce, amma ba irin ta bakin tasha ba,
mai kalar man gyaɗa a robar ruwa.
Wannan ja ce har ta yi duhu,
kamar ƙasar gonarmu daren ruwan fari.
Zaƙi ya fara shigowa, ya gaisa, ya koma gefe.
Furen ɗorawa ya biyo baya,
kaɗanya na riƙe da gefen zanensa da ɗan maiƙonta,
sannan hayaƙin ciyawar da aka kori ƙudan da ita.
Can ƙarshe, inda harshe ke miƙa wa maƙogwaro,
wani siririn ɗaci ya tsaya,
kamar baƙon da ya yi ban kwana ya sake neman tabarma.

Na ce, "Kawu, wannan ɗacin fa?"

Ya ce, "Maɗacin bakin rafi ne.
Shekarar da ruwa ya yi gardama,
ɗorawa ta yi rowar fure, ƙudan suka gangara can.
Damina biyu ke nan tana kwance a akushin nan.
Itace ya ba ta nasa, ita ma ta bar masa nata.
Ta tudun gabas ba haka take ba,
can dutse ne, zumarsa fara ce mai saurin fushi,
tana kama maƙoshi.
Ta fadama kuwa ruwa-ruwa, sai a ba yara."

Yana magana yana nuna wurare da baki,
hannunsa na kan igiya.
Amya ashirin da uku yake da ita a da,
gungumen giginya da ya rarake da kansa.
Yanzu bakwai yake iya kaiwa.
Sauran suna can cikin dajin da ba a shiga,
ƙudan na ta aiki, ba mai zuwa karɓa.
Ya faɗi haka kamar mai faɗin farashin gishiri.

Na sake sa yatsa.
Ban san lokacin da muryar otal ta fito mini ba:
"Jar zumar Wasagu, ranka ya daɗe,
'yar shekarar fari, damina biyu a kirya,
ga hayaƙi, ga maɗaci…"

Kawu ya dube ni ya daɗe,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, "Ashe abin da ka je koyo ke nan.
Rufe, tururuwa sun ji."