Huhun Mota

Lahadi ce, Aboabo ba ta gama miƙa ba.
Na ɗaga bonet, na ɓalle maƙalai huɗu,
na zaro filtar iska,
baƙa ƙirin, ta yi nauyi kamar ta ci tuwo.

Hamdiya, kawo baho.
Ba na uwarki ba, wancan mai tsaga a baki.

Da fari a bubbuga ta a jikin taya, a hankali.
Dubi abin da ke zuba:
jar ƙasar hanyar Mampong,
garin katakon Sokoban,
hayaƙin Kejetia da ya daskare ya zama kwalli,
har da fiffiken shinge ɗaya, tun na ruwan farko.
Wata bakwai na neman abinci,
ga shi bai cika tafin hannu ba.

Sai a fesa mata sabulunta, a bar ta ta jiƙa
gwargwadon shan koko da ƙosai biyu.
Ruwa ta ciki ake zuba shi, ya fito ta waje.
In kin zuba ta waje
kin yi wa ɓarawo rakiya har ɗaka.
Ban da burushi, ban da iskar kwamfaresa.
Audugar nan ba ta son faɗa.

Malam Munkaila ya koya mini, a Magazin,
lokacin ina yaron gareji,
ina kwana a cikin gawar wata bas.
Shekara talatin yana wanke huhun motocin mutane,
nasa hancin ko ƙyalle bai taɓa samu ba.
Ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ga fitila
na ga abin da na saba gani a gindin baho.
Na yi shiru.
Ƙirjin mutum ba shi da maƙalai huɗu.

Yanzu sai jira, shi ne ainihin aikin.
Ba a shanya ta a rana,
sai a inuwa, inda iska ke ratsawa.
Hadari na haɗowa ta wajen Asawase,
mota na tsaye, ko sidi ɗaya bai shigo ba.
Agya Boakye ya leƙo ta katanga:
"Sayi ta takarda mana, in ta mutu ka yar!"
Na yi dariya kawai.
Yarensa da na iya na ciniki ne,
bai kai in gaya masa
ban iya yar da abin da ke wankuwa ba.

Bayan la'asar ta bushe, ta yi furfura.
Ga kwalbar jan mai.
Layi ɗaya a kan kowane tudu, siriri,
sannan a janye hannu,
shi da kansa zai gangara kwari.
Na taɓa yi mata ambaliya, wai don in kyauta mata.
Mai ya bi iska ya liƙe wa injin hanci,
mota ta mace mini a mararrabar Anloga
da kwandunan tumatirin Maame Serwaa a but,
'yan trotro na zagina har kakata.
Tun ranar nake auna hannuna.

"Baba, ga wuri nan fari, ka tsallake."

Na kanne ido, na matso da ita fuskata.
Gaskiyarta.
Bara da ni zan fara gani.
Na miƙa mata kwalbar.
Ɗigo ɗaya ta sa, ba ta ƙara ba,
ta tsaya tana kallon ja yana cin fari.

Mun mayar, maƙalai huɗu sun ce ƙas.
Na murza makulli,
injin ya ja numfashi mai tsawo
kamar wanda ya sauke kaya a Adum.

Sai tari ya ƙwace mini, sau biyu.
Ta juyo, ta ƙura mini ido.
Na ce sanyin damina ne,
ɗauki bahon nan ki zubar can nesa,
kar kaji su sha.