Abin da Taru Ya Kamo

Gab da tsibirin Hiiumaa, da asuba,
Endel ya ja taru, taru ya ƙi.
Ya ce da jikansa Ülo, "Yau mun dace."
Suka ja har igiya ta yi kuka.

Sai ga nakiya:
baƙa, ƙatuwa kamar tukunyar biki,
katantanwa sun kafa gari a bayanta,
ƙaho biyar, ɗaya ya karye.

Endel bai yi ihu ba.
Ya kashe inji da yatsa biyu
kamar mai jan ƙofar ɗakin da jinjiri ke barci.
"Ko tari kada ka yi."

Wanda ya dasa ta ya daɗe a ƙasa.
Jirgin da aka yi mata alkawari
ya bi wata hanya, ya tsufa,
an sayar da ƙarfensa a sikeli.
Ita kaɗai aka manta ba a gaya wa
an gama yaƙi ba.
Shekara tamanin a tsugune cikin duhu,
mugu ma ya iya haƙuri.

Suka yanke taru,
tarun da Virve ta kwana ɗinki
duk sanyin bara,
suka ɗaura jar jarka, alama.

Da la'asar sojan ruwa suka zo.
Teku ta miƙe tsaye, fara fat,
ta faɗi.
Kifaye suka taso ciki sama,
sun fi kamun Endel na wata guda.

Ülo ya miƙa hannu.
"Bar su," in ji tsoho,
"ba mu muka kama ba."