Dutsen da Ke Jin Rana

Da asuba muryar Kanta kan zo daga Bilma
tsaf, kamar yana zaune a gefen tabarmata.
Kafin azahar ta zame.
Ta koma ta mai mura, ta koma ta agwagwa,
in yi ta bin ta da yatsu a kan akwatin
kamar mai bin akuyar da ta tsinke igiya a kasuwar Dole.

Wata uku ina zargin eriya.
Na hau soro, na sauko, na zagi batir,
na ce ko Kanta ne hannunsa ke rawa.
Shi ma can yana cewa ni ne.

Gaptiya ce ta raba gardamar,
tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, mai gilashi ɗaure da zare.
Ta kwance ƙusa huɗu, ta nuna da tsinke:
wani ɗan gwangwani, bai kai ƙwayar gujiya ba.
Ta ce, a cikin nan akwai ɓallin dutse,
yana kaɗawa sau miliyan goma kafin ka ƙifta ido,
da lissafinsa kake samun ɗan'uwanka.
In ya sha rana lissafin ya goce.
Kai ma a Afirilu ba ka ƙirga canji daidai.

Muka sayi ƙanƙara ta dala ashirin a Zango,
muka kwantar da shi a kula, muka rubuta.
Muka bar shi a inuwar randa, muka rubuta.
Muka kai shi kan falalen dutsen Birni da tsakar rana,
inda ƙadangare ma ke ɗaga ƙafa,
digiri arba'in da shida, muka rubuta.
Da ta haɗa ɗigo-ɗigon a kaye
layin ya fito kamar wuyan raƙumi,
ya sauka, ya lanƙwasa, ya hau.

Na ce, to a hana shi jin zafi mana.
Ta yi dariya har gilashin ya zame.
A Damagaram?
Ta ce, ba a hana shi. Maƙwabci ake nema masa
wanda rana ke tura wa ɗaya gefen,
in wannan ya karkata gabas, wancan ya ja yamma,
kamar tulu biyu a kan jaki.

Termistansi, baƙa, ƙarama kamar kashin ɓera.
Kondansa guda. Hayaƙin dalma a hanci.
Karon farko maƙwabcin ya fi ƙarfi,
muryar ta gudu ta wancan ɓangaren.
Na biyu na ƙone ɗan yatsa.
Na uku Gaptiya ba ta ce komai ba,
ta rufe kaye, ta nemi shayi.

Yau kwanon ɗaki na ƙara don zafi,
kuran wuta ya tafi tun hantsi,
masu garuwa sun fake a ƙarƙashin bedi.
Na kunna.
Kanta na nan inda na bar shi da asuba,
ko taƙi bai matsa ba.

Ba wata magana ce da shi ba.
Yana tambayar nawa tiyar gero,
ko an gyara famfon unguwa,
ko Inna ta daina cin gishiri.
Ina amsawa, hannuna a kan gwiwa,
bai san abin da zai yi da kansa ba.